Ƙara-Kaɗan da Akwatin Tsefe Haske

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana haɗa fenti a shago guda, kuma a unguwar kaf babu mai kiransa da sunan yanka. Ƙara-Kaɗan ake ce masa, don kalmar da ba ta barin bakinsa ke nan. Mutum zai zo da ɓallin bango a aljihu, ko guntun labule, ya ce irin wannan launin yake so. Sai ya karɓa, ya fita bakin ƙofa, ya ɗaga shi a rana, ya kanne ido ɗaya. Ya dawo ya buɗe gwangwani yana juyawa da sanda, abokin aikinsa na ɗiga masa launi, shi kuwa yana faɗin, "Ƙara kaɗan. Ƙara kaɗan. Tsaya!" In ya ce tsaya, to an gama. A shafa a jikin ɓallin nan, a bar shi ya bushe, ba mai iya nuna inda tsohon ya ƙare sabon ya fara.

Da idon nan ya yi aure, da shi ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya uku, ta huɗun, wato Auta, ta yi karatu mai zurfi. Ba ya fahariya da komai a duniya sai shi. In ana hira aka ce wane ya sayi mota, sai ya ce, "Allah ya sanya alheri, amma wanda ya yi mata fenti bai san shuɗi ba."

Rannan mai shago ya kawo wani inji mai karanta launi. A manna masa guntun labule, ya yi ƙara sau biyu, ya zubo fenti da kansa. Ƙara-Kaɗan ya yi wata shida yana zaune kusa da injin nan kamar an haɗa shi ɗaki da wanda ba sa ga-maciji, yana jiran ranar da zai yi kuskure. Da ya ga abin ba mai zuwa ba ne, sai ya ce gwiwarsa ta fara ciwo, ya ajiye aiki, ya koma gida.

Zaman gida bai karɓe shi ba, kuma wadda ta fi ji a jikinta ita ce matarsa. Inna Tela ake kiranta, tana da ɗakin ɗinki a gaban gida, ƙofarsa na kallon titi, da keke biyu da teburin yanka da kwalayen zare jere har sama. Tunda ya daina fita, sai ya naɗa kansa mai duba aikinta. Ya gyara mata kantar kaya, ya sake wa kujeru wuri, ya cire tsohon ƙwan lantarkin da ke kan teburin ya saka wani sabo, fari tas, mai haske kamar ya tsone ido. Ya ce da wannan ko allura ta faɗi sai ta ba da haƙuri ta fito.

Ba a yi wata ba aka dawo mata da ɗinki. Wata malamar asibiti ce ta kawo yadi ruwan hanta, Inna Tela ta zaɓi zare a ƙarƙashin ƙwan nan, ta ga sun dace kamar uwa ɗaya ta haife su. Matar ta sa rigar ta fita rana, sai ga zaren ya yi ja ya fito ɓaro-ɓaro tun daga wuya har ƙasa, kamar an bi rigar da jan biro. Ba ta yi faɗa ba, abin da ta ce ne ya fi faɗa ciwo. Ta ce, "Inna, ko za ki je a duba miki ido?"

Inna Tela ta wuni tana farke ɗinki. Da la'asar mijinta ya leƙo ya ce, "Tela, da kin kira ni na zaɓa miki zaren."

Ta ɗago ta yi masa kallo ɗaya. "Malam, shekara nawa ina zaɓen zare kafin ka samu lokacina?"

Ya ja jiki ya fita, ya nufi bencin da ke gindin bishiyar ƙofar gida, inda abokinsa Ticha yake zama kullum. Ticha tsohon malamin kimiyya ne a sakandare, shi ma ya yi ritaya, kuma tun suna samari ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Ya ji labarin, ya gyara tabarau.

"Idonta lafiya lau. Ƙwanka ne ba shi da gaskiya."

"Ƙwan da na zaɓa da kaina? Fari ne fa kamar auduga."

"Farin ai kala-kala ne, mutumina. Hasken da kake gani fari, launuka ne a cakuɗe. Wani ƙwan yana da su duka, wani kuma ya yi rowar ja. In babu ja a cikin hasken, ta ina jan da ke jikin zare zai nuna kansa?"

Ƙara-Kaɗan ya yi dariya har da buga cinya. "Ni za ka koya wa launi? Na haɗa ja da kore da shuɗi sau dubu, abin da ke fitowa taɓo ne, ba fari ba."

"Wannan fenti ne. Ni haske nake faɗa maka."

"To nuna min."

Ticha ya ce akwai na'urar da ke rarraba haske, ya faɗi sunanta da Turanci, suna mai tsawo wanda Ƙara-Kaɗan ya gwada sau biyu harshensa ya harɗe. Ya ce ba sai an saya ba, da tsohon faifan sidi da reza biyu da akwati mai duhu an gama. Haske ya shiga ta siririyar tsaga, ya faɗa kan faifan, ƙananan layukan da ke jikinsa su watsa shi, kowane launi ya kama gabansa.

Washegari suka yi na farko da kwalin takalmi. Ƙara-Kaɗan ya yanka faifan da almakashin matarsa na yanka yadi, wanda ko 'ya'yanta ba su isa su taɓa ba. Wannan kaɗai ya jawo masa yini guda ba a amsa masa sallama da fara'a. Kwalin kuma ya ƙi tsayuwa. A gyara reza faifai ya zame, a manne faifai da salatif kwali ya lotsa. Suka leƙa suka ga wani ɗan dishi-dishin launi kamar mai ya zuba a ruwa. Ticha ya ce ga shi nan, an gani. Ƙara-Kaɗan ya ce shi bai ga komai ba sai ɓarnar kwali.

A haka Auta ta same su ran Asabar da ta zo gaishe da iyayenta. Ita ce ke kula da injuna a wani wurin ƙere-ƙere, inda ake buga ƙananan kayan gyara da roba. Ta tsaya tana kallon dattawa biyu suna rigima a kan kwalin takalmi, ta danne dariyarta da ƙyar.

"Baba, ku kawo min awo in buga muku da roba. Kowane abu zai zauna a wurinsa, ba ya motsi."

"Ki buga? Takarda ce?"

Sai da ta kai shi ya gani da idonsa. Firintar tana cikin wani ɗaki mai warin narkakkiyar roba, girmanta bai wuce ƙaramin firji ba. Tana jan roba daga wani ƙullin da ya yi kama da ƙaton zaren Inna Tela, ta narkar da ita ta wani ɗan tsinin baki, tana zagayawa tana ɗora layi a kan layi har abu ya tashi tsaye. Ya yi kusan awa guda a tsugune yana kallo, hannu a haɓa. Daga ƙarshe ya ce, "Zanzaro ne wannan. Haka yake gina ɗakinsa."

Aka zauna zane a gaban kwamfuta. Abu huɗu ake bukata: dogon akwati, da murfin gaba mai ramin da reza biyu za su shiga, da 'yar kanta a karkace wadda guntun faifai zai kwanta a kai, sai maƙalin waya a saman ramin leƙawa don a ɗauki hoto. Auta ta zana akwatin ta ce, "Baba, tsawon ya yi?"

"Ƙara kaɗan."

"Milimita nawa?"

"Kaɗan dai."

"Baba, injin nan bai san kaɗan ba. Lamba yake ci."

Ya yi tsaki ya ce duk injunan zamani haka suke, ba su da kunya ba su da hankali. Amma ya karɓi rula. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya bai taɓa auna komai ba, ga shi da tabarau a karan hanci yana ƙirga ƙananan layuka, Auta na gyara masa in ya tsallake ɗaya.

Farar roba ce kawai a injin ranar, da ita aka buga. Akwatin ya fito kyakkyawa, komai ya shiga wurinsa da ɗan ƙas. Suka leƙa, sai haske ko'ina, yana ratsowa ta jikin robar kamar ta labule. Ticha ya ce sai an sake bugawa da baƙa. A nan ne fuskar Ƙara-Kaɗan ta washe, don an zo gonarsa. Ya ce ba wanda zai sake buga komai. Ya shiga ɗakin ajiya ya fito da gwangwanaye, ya haɗa wani baƙin fenti marar ƙyalli, baƙi wuluk kamar cikin rijiya, ya shafe cikin akwatin da ƙaramin buroshi. Ya yi shafi ɗaya, ya ga bai ishe shi ba, ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Da ya bushe, murfin ya ƙi shiga, fenti ya cinye wurin. Auta ta sake buga murfin, ta rage masa rabin milimita.

Tsagar ce ta fi ba su wuya. Ticha ya ce a sa takarda ɗaya tsakanin bakin rezar biyu, a matse, a zare takardar, abin da ya rage shi ne faɗin da ake so. Hannun Ticha na rawa, na Ƙara-Kaɗan ba ya rawa, ya kuwa tabbatar kowa ya lura da haka.

Da hantsi suka gwada a tsakar gida. Ticha ya gargaɗi Ƙara-Kaɗan kada ya kuskura ya saita rana kai tsaye, sai dai farin bangon da rana ke duka. Ya sa ido a ramin. Ya daɗe a haka har Ticha ya fara ƙosawa. A cikin duhun akwatin nan ga bakan gizo a shimfiɗe, tsaf, launi na shiga launi babu gaɓa, irin haɗin da ya yi rayuwarsa yana nema da buroshi bai taɓa samu ba.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Duk wannan a cikin farin bango?"

"Ka yarda ke nan?"

"Ban ce ba. Kallo nake."

Inna Tela ta fito shanya ta gan su. Ta ce me ake leƙe haka kamar an ga baƙo ta kafar ƙofa? Aka ba ta. Ta leƙa, ta janye, ta sake leƙawa. "Au, tsefe shi kuka yi? Kamar kitso, kowane sili daban." Daga ranar sunan Turancin nan ya huta, kowa Akwatin Tsefe Haske yake cewa, har Ticha.

Suka ɗunguma zuwa ɗakin ɗinki, aka rufe taga, aka saita ƙwan da ke kan tebur. Shuɗi ya fito da ƙarfi, bayansa wani ɗan gurbi mai duhu, sai kore da ɗorawa jingim. Jan kuwa ɗan kaɗan ne a gefe, ya dushe tun bai kai ko'ina ba. Aka ɗauko tsohon ƙwan da Ƙara-Kaɗan ya cire, wanda Inna Tela ta adana a aljihun keke don ba ta yar da abu, aka ɗaura. Sai ga ja ya bazu har ƙarshe.

Inna Tela ta naɗe hannu a ƙirji. "To, Malam. Idona ne ko ƙwanka?"

Ya yi gyaran murya ya ce masu yin ƙwan ne ba su da amana.

"Wa ya sayo?"

Ya ce ai yanzu ba lokacin tone-tone ba ne, abin da ake so shi ne gaskiya ta fito, ta kuwa fito. Ya hau kujera da kansa ya ƙara ɗaure tsohon ƙwan da kyau.

Da a nan abin ya tsaya, da Ƙara-Kaɗan ya sha da sauƙi. Amma akwatin ya shiga ransa. Ya leƙa fitilar kicin, ya leƙa ta mai shagon kusa, wadda ta ba shi layuka rarrabe kamar haƙoran mataji, ya leƙa allon talabijin. Ya sayi littafi yana rubuta abin da ya gani. Rannan Auta ta zo, suna tsakar gida su uku, ya ce bari ya karanta musu launukan rana a jere.

"Ja, ruwan goro, ɗorawa, kore, shuɗi. Biyar cif."

"Ka manta na ƙarshe," in ji Inna Tela tana tsinke zare da haƙori.

"Wane na ƙarshe?"

"Shunayya mana. Bayan shuɗin."

"Bayan shuɗi duhu ne, Tela."

Ta karɓa ta leƙa. "Ga shi nan kuwa, har da faɗinsa."

Auta ta leƙa ta ce, "Baba, akwai." Ya ce ita da uwarta bakinsu ɗaya tun tana goye. Aka aika aka kira Ticha, ya zo ya leƙa, shi ma ya ce akwai, kuma a karo na farko bai yi murnar kayar da abokinsa ba. Auta ta maƙala wayarta a maƙalin, ta ɗauki hoto, ta miƙa wa mahaifinta. Ya duba allon, ya leƙa akwatin, ya sake duba allon. A hoton, launin ya zarce inda idonsa ya tsaya da kusan faɗin yatsa.

Ya ajiye akwatin a kan tabarma a hankali, ya shiga ɗaki. Ranar bai fito benci ba. Da Inna Tela ta kai masa abinci ta same shi zaune a bakin gado yana kallon tafin hannunsa. Ta zauna kusa da shi. Tana da maganganu da yawa a ajiye tun ranar rigar nan, ba ta taɓa ko ɗaya ba.

"Malam, mu je a duba. In ba komai mu dawo."

"In kuma da komai fa?"

"Sai a gyara. Kekena ma ana gyara shi, bai daina zama keke ba."

Sai da aka yi sati biyu ana lallashi kafin ya yarda. Likitar ido ta haska masa fitila, ta ce yanar ido ce ta fara a duka biyun. Ta ce ƙwayar da ke cikin ido takan rine da shekaru, ta koma kamar ruwan shayi, ta riƙa tare shuɗi da shunayya, kuma a hankali take yi har mai ita ba ya sani. Ya tambaye ta tun yaushe. Ta ce zai kai shekara biyar ko fi. Ta tambaye shi yadda aka yi ya gane da wuri haka, ya zaro akwatin daga jaka, don ba ya fita ba shi. Likita ta leƙa fitilar ofishinta, ta kira ma'aikaciyarta ita ma ta leƙa, masu jiran layi a waje suna ta tsaki.

Aka yi wa idon dama aiki, aka ce na hagu sai bayan wata guda. Ranar da aka cire bandeji ya dawo gida, ya zauna a falo, ya ɗaga kai. Sai ya miƙe zumbur.

"Wa ya sake wa falon nan fenti?"

"Kai mana," in ji Inna Tela. "Shekara biyu ke nan."

"Ni farin madara na shafa!"

Ya rufe idon dama, bango ya koma farin madara. Ya rufe na hagu, bango ya zama shuɗi-shuɗi mai ratsin shunayya, kamar farar rigar da aka cika wa bula. Ashe da yake haɗawa, idonsa na nuna masa fentin ya yi ɗorawa, shi kuwa yana ta ɗiga shuɗi don ya kashe ta.

"Kuma ba wanda ya gaya min?"

Auta ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa don dariya. Inna Tela ta ce, "Mun ɗauka sabon yayi ne. Wa zai ce maka ba ka san fari ba, ya kwana lafiya a gidan nan?"

Ya ce gobe-goben nan zai sake shi. Ta ce bai isa ba, ta riga ta ɗinka labule da rigunan kujera da suka dace da shi, kuma baƙi suna yabawa.

Watan nan da ya rage kafin aiki na biyu bai zauna ba. Ya tuna bayan ritayarsa ya haɗa wa maƙwabta fenti a gida shida, kyauta, don kada hannu ya manta. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a gaban kowane gida yana rufe wannan ido yana buɗe wancan, har mata suka fara tambayar Inna Tela ko aikin bai yi kyau ba ne. Uku ya same su da laifi. Ya yi sallama ya ba da haƙuri, ya ce zai gyara. Na farko ya yarda. Na biyu ya ce shi bai taɓa lura ba, amma tunda an faɗa yanzu ba zai iya daina gani ba, don haka a zo da wuri.

Gida na uku na Ticha ne. Ya fito ya saurari bayanin har ƙarshe, ya juya ya dubi ƙofarsa, wadda ya roƙa a yi masa ruwan toka aka yi masa wani abu mai kama da sararin sama.

"Ka bar min ƙofata yadda take," ya ce. "Shekara arba'in ina neman shaidar cewa kana kuskure, yanzu da na samu za ka zo ka shafe?"

Ƙara-Kaɗan ya ce to ya riƙe. Suka koma benci suka zauna, ya ba Ticha labarin yadda za a yi aikin ido na hagu ran Talata, Ticha na gyara masa bayanin tun bai kai rabi ba.